Ranar da Lele Palaga Ta Wanke Tsuntsun Nistor

Ku matso, ku gyara zama, in ba ku labarin Lele Palaga; Lele kuwa a wurinmu kamar a ce Inna ne, kiran girmamawa ga babbar mace. Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu, can cikin kwarin Maramuresh, ya san ta: gajeruwar mace mai baƙin ɗankwali, bokiti a hannun dama, buroshi a hagu, in ta wuce ka sai ka ji ƙamshin toka. Shekara arba'in da 'yan kai aikinta ɗaya ne, wankin katako. Shinge ne, baranda ce, matakala ce, ƙofar gida ce, in dai itace ne da ke kwana a waje yana shan ruwan sama da dusar ƙanƙara, to ya san hannun Palaga.

Kun san mu da ƙofar gida. Mutuminmu zai kwana a ɗaki mai yoyo bai damu ba, muddin ƙofarsa na tsaye a bakin titi da ginshiƙanta uku na stejar, itacen nan mai tauri na dazukanmu, da 'yar rumfarta a ka, da sassaƙa tun daga ƙasa har sama. Kuma ba a shiga bikin Ista da ƙofa mai datti. Shi ya sa da zarar ƙanƙara ta narke, sai ka ga ana ta aike gidan Palaga, kowa na son a fara da tasa.

Ita kuwa ba a sa ta gaggawa. Tun cikin sanyi take tara tokar murhu, ta tankaɗe ta kamar gari. In lokaci ya yi ta zuba mata tafasasshen ruwa a tsohuwar ganga, ta bari ya kwanta, ta tace da tsumma. Ta tsoma yatsa ta murza: in ya yi santsi da yawa ta ƙara ruwa, don stejar ba ya son ruwan toka mai ƙarfi, fushi yake yi ya yi baƙi. Ba ta wanki a ranar da rana ta ƙwalle, sai ranar lumshi. Ta fara jiƙa katakon da ruwan rafi, sannan ta bi shi da buroshi mai taushi daga ƙasa zuwa sama, tana bin jijiyar itacen kamar mai shafa bayan kyanwa. Cikin ramukan sassaƙa, inda gansakuka ke ɓuya, da gashin dinya take shiga da ɗan tsinke. Ta ɗauraye daga sama zuwa ƙasa, a ruwan ƙarshe ta ɗiga ɗan ruwan tsami na tuffa.

In ta gama, katakon ba ya komawa sabo. Launin toka-tokansa yana nan, sai dai ya yi fes, yana sheƙi kamar gemun dattijo ranar Lahadi. In wani ya yi ƙorafi, sai ta ce, "Wannan furfurar da kake gani rigarsa ce. Datti na zo cirewa, ban zo tsiraita shi ba."

Akwai maganar da take yawan faɗi, ku riƙe ta, don za mu dawo kanta. Takan ce, "Inda datti ya yi taurin kai, matso kusa da shi ka daɗe. Haƙuri ke cire shi." Da wannan ƙa'ida ta ci abinci shekara arba'in, ba ta taɓa ba ta kunya ba.

To, a duk ƙofofin ƙauyen babu wadda Palaga ke ji da ita kamar tata. Mijinta Nistor ne ya sassaƙa ta da hannunsa a shekarar da za su yi aure. Nistor manomi ne, sassaƙa ba sana'arsa ba ce, amma ya rantse amaryarsa ba za ta shigo ta ƙofar da wani ƙato ya yi ba. Ya yi igiya murɗaɗɗiya a jikin ginshiƙai, ya yi surar rana, ya yi ganyaye. A ginshiƙin dama kuma, daidai inda hannu ke dafawa in za a tura ƙaramin ƙyaure, ya yi wani ɗan tsuntsu wanda bai fi tafin hannu ba. Tsuntsun nan guntuwar wutsiya gare shi. Dalili kuwa, ranar da yake yin wutsiyar Palaga ta zo wucewa za ta rafi, ya ɗaga kai ya bi ta da kallo, wuƙa ta zarce. Har ya mutu in an tambaye shi sai ya nuna ta da haɓa ya ce, "Ga wadda ta cinye wutsiyar can, ku tambaye ta."

Shekara tara ke nan da rasuwar Nistor. Bai bar wani abin kirki ba, rigunansa an rabar, gizagonsa ya yi tsatsa. Tsuntsun nan ne ya rage. Palaga ba ta shiga ba ta fita sai ta dafa shi. Shekara hamsin tana dafawa, har wurin ya yi baƙi ƙirin, ya yi sumul. Ko ranar wanki ba ta matsa masa, ta shafe shi da tsumma ta wuce.

Sai zamani ya zo da nasa. Samarin da ke zuwa aikin gini Italiya da Faransa suka fara dawowa da injin feshin ruwa, irin na wankin mota. Abin da Palaga ke yi a kwana uku, inji ya yi shi kafin tuwon masara ya nuna. Shingaye suka koma rawaya kamar man shanu. Palaga ta bi ta shafa su ta ji sun yi gashi-gashi kamar jikin tunkiya, ta ce, "Ku jira damina biyu ku gani, zai sha ruwa kamar soso." Wa ya saurare ta? Aike ya yi ta raguwa, har ya rage gida huɗu na tsofaffi irinta.

Wannan bai dame ta ba kamar yadda hannuwanta suka dame ta. Ruwan toka da ruwan rafi mai sanyi sun karɓi hakkinsu. Yatsun suka kumbura a gaɓoɓi, suka lanƙwashe kamar saiwa. A shekarar da nake ba ku labari, ta haɗa ruwan tokarta kamar kullum, ta ɗauki buroshi, buroshi ya faɗi. Ta ɗaure shi a hannu da tsumma. Kwana uku tana fama, rabin ginshiƙi ɗaya ta wanke. Ista ta zo ta same ta da ƙofa mai gansakuka, karo na farko tun tana amarya.

Maƙwabciyarta Todosia, wadda tare suka yi 'yanmatanci kuma tun lokacin ba su daina tsokanar juna ba, ta leƙo ta kan shingenta mai rawaya.

"Lele Palaga, ashe gaskiya ne wanzami ba ya son jarfa? Kin wanke garin nan kaf, taki ƙofar ta yi kore kamar bakin rijiya."

"Gara kore da gashi," in ji Palaga. "Naki shingen ki kai shi a yi masa aski."

"Aski ko kitso, idon baƙi a kansa zai tsaya. Ke kuwa saura mako biyu dangin ango su tsaya a gabanki. Ko akuya za ki ɗaure ta kiwace gansakukar kafin su iso?"

Palaga ta yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙora ba. Todosia ta taɓo inda ke ciwo. Jikarta Irinuka, 'yar ɗanta Simion, za ta yi aure Lahadi biyu bayan Ista, kuma ta dage daga gidan kakarta za a ɗauke ta. A wurinmu kuwa kun sani, in dangin ango suka zo, ƙofa a rufe suke samunta. A nan za su tsaya a yi ta jifan juna da zambo da waƙa, masu gida na cewa ba su san da wata amarya ba, har sai an gaji a buɗe. Rabin sa'a cur mutum ɗari na kallon ƙofa ɗaya. Kuma dangin angon nan daga ƙauyen hayi suke, mutanen da in suka ga ɗigon datti sai jikokinsu sun ji labari.

Ranar Talatar makon biki Simion ya iso daga Italiya da motarsa. Shekararsa ashirin yana can yana gini, mutum ne mai son uwarsa amma mai saurin hannu. Ya sumbaci hannunta, ya tsaya yana kallon yatsun. Ya buɗe bayan mota ya sauko da inji.

"Mayar da shi," in ji Palaga.

"Mama, dubi hannunki."

"Na gan shi, a jikina yake. Mayar da dodon nan inda ka ɗauko shi."

"To wa zai wanke? Ni in na riƙe gashin dinya sai Kirsimeti ban gama ba. Saura kwana biyar, Mama. So kike mutanen hayi su ce a kurmi muka haifi Irinuka?"

Suka yi ta ja har tuwo ya huce. Daga ƙarshe suka daidaita: shinge da baranda a yi da inji, tunda katakon kasuwa ne, in ya lalace a sake. Ƙofar Nistor kuwa ko kusa da ita kada ya je. Ita za ta lallaɓa ta yi abin da ya samu.

Washegari da hantsi Simion ya tada inji. Palaga ta zauna a kututture ta haɗe rai, tana jiran ta ga ɓarna ta yi magana. Ya tsaya nesa da shinge kamar taku biyu, yana kaɗa bakin tiyo hagu da dama ba ya tsayawa. Baƙin ruwa ya yi ta gangarowa. A ƙarƙashinsa wani launi ya fito, ruwan zuma, irin na katakon da aka fasa yau.

Nan ne abin ya same ta. Ba ta ga shinge ba. Ƙofar ta gani, yadda take ranar da aka kawo ta gidan nan a keken doki: sabuwa dal, launin zuma, tana ƙamshin ɗanyen itace, Nistor na tsaye a gefe da farar riga yana kunya kamar wanda ya yi sata. Shekara arba'in tana ce wa mutane furfura rigar katako ce, ita kanta ta manta akwai wani launi a ƙasa. Ta ji wani kwaɗayi ya taso mata tun daga ciki: sau ɗaya kacal, kafin ta bi shi, ta sake ganin ƙofar nan yadda ya miƙa mata ita.

Wajen azahar Simion ya kashe inji ya ce zai shiga gari ɗauko naman biki, ba zai daɗe ba. Motarsa na ɓacewa, Palaga ta tashi. Ta zagaya injin sau biyu kamar mai zagaya baƙon kare. Ta ga inda ya danna. Ta ɗaga bakin tiyo ta ji ashe ba ya buƙatar yatsu masu lafiya, tafin hannu ma ya isa ya matsa shi. Ta ja shi har gaban ƙofa.

Todosia ta leƙo. "Kai! Yau rana ta fito ta yamma. Lele, ke ce da dodo?"

"Koma ki duba miyarki, na ji ƙauri."

Ta fara da ginshiƙin hagu, daga nesa, yadda ta ga ɗanta na yi. Gansakuka ta yi ta tashi. Igiyar Nistor ta fito zara-zara, launin zuma. Ta yi na tsakiya. Ta zo na dama. Ko'ina ya yi haske, sai wuri ɗaya: tsuntsu. Yana nan baƙi ƙirin a tsakiyar rawaya, kamar tabon tukunya a farar riga.

Kun tuna ƙa'idarta? Inda datti ya yi taurin kai, matso kusa ka daɗe. Ba ta yi tunani ba, hannu ne ya yi abin da ya saba shekara arba'in. Ta matso. Baƙin bai fita ba. Ta ƙara matsowa, har bakin tiyo ya kusa taɓa itace, ta tsayar da shi wuri ɗaya tana jira, kamar yadda take yi wa buroshi haƙuri. Feshin ruwa ya rufe mata ido, ba ta ganin komai sai hazo. Tana cewa a ranta, "Kaɗan ya rage, kaɗan ya rage."

Abin da ba ta sani ba, ko ta sani ta manta, baƙin nan ba datti ba ne. Maiƙon tafin hannunta ne da ya shiga itacen ya zama fata. A ƙarƙashin fatar, shekaru sun riga sun tausasa katakon. Fatar ce kaɗai ke riƙe da tsuntsun.

Da ta saki hannu hazo ya kwanta, sai ta ga rami. Rami mai faɗin tafin hannu, fari fat, zare-zaren itace na tsaye a ciki kamar gashin masara. Babu kai, babu fuffuke, babu guntuwar wutsiya. A ƙasa, cikin taɓo, wasu baƙaƙen ɓarɓashi na bin ruwa zuwa kwata.

Ta durƙusa ta fara tsince su. Da me? Da yatsun da ba sa kama buroshi. Tana kamawa suna narkewa. Inji na ta ruri a bayanta, ba ta ma ji. Todosia ce ta fito da gudu ba takalmi ta fizge wayar wuta. Ta tsaya ta dubi ginshiƙi, ta dubi ƙawarta.

"Palaga," ta ce a hankali, ba Lele, ba tsokana. "Tashi, zaninki ya jiƙe."

"Ni na cinye wutsiyar," in ji Palaga. "Yau ga shi na cinye sauran."

Da Simion ya dawo ya gani, ya dafe kai. "Mama! Ai ba a matsawa kusa! Ba a tsayawa wuri ɗaya! Me ya hana ki jira ni?" Sai ya ga fuskarta, ya haɗiye sauran. Ya koma yana zagin kansa da ya bar inji a haɗe, yana cewa laifinsa ne. Ta ce masa, "Kai ka tsaya inda na ce ka tsaya. Ni ce na ƙetare." Garin gyaran gira an rasa ido, kuma mai idon ce da kanta ta tsone shi. Wa za ta kai ƙara?

Kwana biyu ba ta bi ta ƙaramin ƙyaure ba, ta bayan gida take zagayawa, ta wajen kaji. Aka bincika hotunan gidan kaf. Ƙofa na nan a cikinsu da yawa, amma kullum akwai wanda ya tsaya ya tare ginshiƙin dama. A ɗaya ma ita ce da kanta, hannunta a kan tsuntsun.

Ranar Juma'a Simion ya zo ya zauna kusa da ita a baranda. Ya ce akwai masassaƙi gwani a ƙauyen gaba, ya yi magana da shi. Zai yanke wurin, ya dasa sabon guntun stejar, ya sassaƙa tsuntsu. Ita za ta tsaya a kansa ta faɗa masa yadda yake, har guntuwar wutsiyar.

"In shekara biyu ta wuce ya yi furfura, ko ke ba za ki bambance ba, Mama."

"Shi wa zai kalla wuƙarsa ta zarce?"

"Mama, itace ne fa."

"Na sani. Na fi ka sanin itace."

"To a bar rami ke nan? Ke kika koya mini, buɗaɗɗen katako ruwa yake sha. In aka bar shi haka, damina nawa ginshiƙin zai yi?"

Gaskiya kuwa ya faɗa. In aka bar ramin, ruɓa za ta shiga ta nan ta ci ginshiƙin, wata rana ƙofar gaba ɗaya ta kwanta. In aka toshe, tsuntsun wani ƙato ne zai zauna inda Nistor ya rantse wani ƙato ba zai sa hannu ba.

Ranar Asabar Irinuka ta zo da ƙawayenta suna yi wa ƙofa ado da rassan itace masu ɗanyen ganye, kamar yadda ake yi. Ta shiga ɗakin kakarta ta buɗe akwati, ta ɗauko farin tawul mai jan saƙa, wanda Palaga ta saƙa da hannunta tana budurwa. Ta ɗaura shi a ginshiƙin dama, ya sauko ya rufe wurin.

"Kaka, dubi. Babu wanda zai sani."

"Ni fa?"

Irinuka ta rungume ta. "Ke kam ai sai haƙuri, tsohuwa mai ɓarna. An bar ki da inji minti goma kin yi abin da ƙanƙarar shekara hamsin ta kasa." Palaga ta ɗan yi murmushi, ta kai mata duka da tafin hannu.

Ranar Lahadi mutanen hayi suka iso da goge da ganga. Suka tsaya a gaban ƙofa, aka yi zambo, aka yi waƙa. Wani dattijo daga cikinsu ya ɗaga kai ya ce bai taɓa ganin tsohuwar ƙofa mai haske haka ba, wa ya wanke ta? Todosia ta yi caraf ta ce, "Gwanar garinmu ce, ku a hayi ai da yawu kuke wanki." Aka fashe da dariya. Palaga na tsaye daga ciki, tana jin ana yabon aikin da ta fi tsana a duk rayuwarta. Da aka buɗe ƙyaure aka fito da amarya, ta ga Irinuka ta miƙa hannu ta dafa tawul ɗin a daidai wurin, kamar yadda ta ga kakarta na yi tun tana goye.

Biki ya watse. Rassan ado suka bushe aka sauke. Simion zai koma Italiya ranar Alhamis, ya ce kafin ya tafi ta ba shi amsa, ya kira masassaƙi ko kada ya kira. Tawul kuwa ba a barinsa a waje, ruwan farko zai lalata shi.

Ranar Laraba da safe hadari ya haɗo ta kan duwatsu. Na wuce ta gaban gidan na gan ta tsaye a bakin ƙofa, ta kwance tawul ta rataya a kafaɗa. Tafin hannunta na cikin ramin, ya cika shi daidai kamar an auna. Ta daɗe a haka, iska na kaɗa ɗankwalinta, ɗigon farko ya fara sauka a kan 'yar rumfar. Daga cikin gida na ji Simion na kira, "Mama, in kira shi?"

Ban tsaya na ji amsarta ba, ruwa ya kore ni. To ku da kuka zauna kuka saurara, in ku ne Lele Palaga, da hannunku a cikin ramin nan ruwa kuma na sauka, me za ku ce wa Simion?